Kwana Tara Saboda Ƙotar Bindiga

Baki shi ke yanka wuya, ni kuwa nawa a cikin mota ya yanke ni. Shekarata bakwai ina tuƙa wani Balarabe a Jidda, a unguwar Safa, ban taɓa tsoma baki a abin da ba a tambaye ni ba. In kai yara makaranta, in kai uwargida kasuwa, in wanke mota, in koma ɗakina da ke ƙarƙashin bene kusa da tankin ruwa. A iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, an rubuta direban gida, kuma iyakata ke nan. Shi ne kafilina, da sunansa nake zaune a ƙasar, da izininsa nake fita daga cikinta. Na girme shi da shekara shida, amma ni ke ce masa ammi, wato baffana, shi kuma ya ce mini hajji, kamar yadda suke kiran duk wani baƙar fata da ba sa son wahalar riƙe sunansa.

A shekara ta bakwai ɗin ce son harbi ya kama shi. Ya yi lasisi, ya shiga wata ƙungiya ta masu gasar harbi da ke da fili a bayan gari, ya sayo bindiga irin wadda suke kira shozan, mai baki ɗaya, wadda ake zuge itacen ƙarƙashinta baya da gaba kafin kowane harbi. Duk Asabar sai in kai shi, in zauna a rumfar direbobi, shi ya shiga ya yi ta fasa farantan yumɓu da ake cilla musu sama, da wasu faifan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. Magidanta da gemunsu, suna ƙona harsashi a kan faranti. Amma ba aljihuna ba ne.

Wata Asabar muna dawowa na hango kuncinsa na dama a madubi, ya kumbura, jini ya taru a wurin. Makon da ya wuce ma haka ya fito. Yana danna kwalbar ruwan sanyi a kai, yana tsine wa waɗanda suka ƙera bindigar. Da na ja bakina na yi shiru, da yau ba ni da abin ba da labari. To amma ni ɗan maƙeri ne, a gidanmu kuwa idan ka ga mutum ya riƙe kayan aiki a karkace, bakinka ƙaiƙayi zai yi ta yi har sai ka faɗa.

Na ce, "Ammi, ba laifin bindigar ba ne. Ƙotar ce ta yi maka tsawo."

Ya ɗago ya dube ni ta madubin. "Kai me ka sani a kan bindiga?"

"Babana ya yi shekara talatin yana ƙera wa maharba. Ni nake sassaƙa masa ƙota."

Gaskiya na faɗa masa. Ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya ɗauke ni daga kan zugazugi ya miƙa mini gizago da guntun maɗaci. Shi ƙarfe, ni itace. Maharbi zai zo, Baba ya sa shi ya ɗaga sanda kamar zai yi harbi, ya dubi wuyansa da tsawon hannunsa, ya yi wa itacen alama da gawayi, ya turo mini ba tare da ya kalle ni ba. Idan na yi daidai ba ya cewa komai. Idan na ɓata sai ya jefa itacen gefen wuta, nan ma ba ya cewa komai. Daga baya daji ya lalace, bindiga ta tashi daga hannun masu neman zomo ta koma hannun masu neman mutane, Baba ya rantse ba zai ƙara ƙera ta ba. Ya koma fartanya da lauje da galma. Sana'ar ta daina riƙe gida, ni kuma na biyo jirgi.

Da muka isa gida kafilina ya hau sama, ya kwance ƙotar da kansa, ya kulle ƙarfen a akwatinsa na ƙarfe, ya sauko mini da itacen kawai. Baƙo irina ba shi da hurumin riƙe bindiga a ƙasar nan, na sani, shi ma ya sani. Na zauna a gareji da zarto da magagari, na rage tsawonta kaɗan, na kwantar da inda kunci yake sauka, na sa mata roba mai taushi a gindi inda take dukan kafaɗa. Aikin wuni ɗaya ne, wanda ko a mafarki zan iya yi.

Asabar ta zagayo. Ya fito daga filin harbi fuskarsa sumul, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Masha Allah, ya mu'allim." Wato gwanin sana'a, wanda ake zuwa koyo wurinsa. Ba zan ɓoye ba, kalmar nan ta shige ni har ɓargo. Shekara bakwai ina bin titunan Jidda, kowa direba yake gani, ba wanda ya taɓa kirana da abin da na iya. A ranar na ji kamar an ƙara mini tsawo.

Daga nan kwalaye suka fara zuwa. Mutumin nan idan ya zauna da waya sai ya ga abin da wani Bature ya maƙala wa tasa bindigar, kafin mako ya zagayo ga shi an kawo. Aka sa mata ƙarin bututu a ƙarƙashi don ta ɗauki harsashi da yawa. Aka ɗora mata ɗan gilashi a sama mai jan ɗigo a tsakiya, wai don saiti. Aka kawo maratayi, aka kawo wani abu da ake mannawa a gefe yana riƙe harsasai a jere. Duk wanda ya zo, sai ya sauko gareji da ƙarfen a hannunsa, babu harsashi a ciki, ya riƙe ni in ɗaure noti. Yana tsaye a kaina yana tambaya, "Yaya ka gani, ya mu'allim?" Ni kuwa in gyara murya in ba da fatawa.

Ana cikin haka aka shiga benen da ke kusa da namu da rana tsaka aka sace tukwanen gas guda biyu a ƙarƙashin matakala. Uwargida ta tayar da hankalinta, ta ce ita ba za ta iya zama da yara a gidan da ɓarayi suka san hanyarsa ba. Sai maigida ya yanke shawara cewa bindigar gasa ita ce kuma za ta zama ta tsaron gida. Aka kawo tocila mai ƙarfi da za a maƙala a ƙarƙashin hancinta, da maɓallin da ake dannawa da babban yatsa.

Na ce masa, "Ammi, taura biyu ba ta taunuwa. Ta gasa tana son tsawo, ta cikin gida tana son gajarta. Ka zaɓar mata aiki ɗaya."

Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa yake da ni.

Tsaron gida, in ji shi. A Safa, inda motar 'yan sanda take wucewa kafin ka gama shan shayi. A shekarar ƙanena ya bar gonarmu ta bakin daji ba a noma ba saboda tsoron masu satar mutane, kuma abin da yake da shi na kare kansa bai wuce gora ba. Ni kuma, ɗan gidan da ya ƙera wa rabin ƙasarmu bindiga, ina durƙushe a gareji ina ɗaura tocila saboda tukunyar gas. Abin yana cina, amma ban daina ba. Daɗin yabon ya fi haushin yawa.

Da kayan suka taru, bindigar ta yi nauyin gaba kamar jakin da aka ɗora wa kaya a wuya. Idan ya ɗaga ta sai hancin ya riƙa rinjaya ƙasa, faranti ya wuce kafin ya kai saiti. Ya sauko yana ƙunƙuni, ga babbar gasa tana tafe, wadda ake zuwa daga wasu garuruwa. Bakina ya sake yanke ni. Na ce a bar faci, zan sassaƙa masa sabuwar ƙota tun daga tushe, da itace mai nauyi da zai daidaita gaba da baya, a yanka ta a kan jikinsa shi kaɗai.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan gangara unguwar Hindawiyya in ci tuwo wajen wata mutuniyar Nijar, in ji Hausa ta ratsa kunnena. A layin akwai wani tsohon kafinta Bayamane. A bayan shagonsa na tono wani katako mai kauri na itacen jauz, irin wanda Turawa ke yi wa bindiga ƙota da shi, ragowar wani tsohon kabad, ya bushe ƙamas, ya yi duhu kamar dabino. Na ɗauko shi a kafaɗa. A gida na sa kafilina ya ɗaga sandar tsintsiya kamar yadda Baba yake sa maharba, na dubi wuyansa da hannunsa, na yi alama da fensir tunda babu gawayi a gidan. Mako biyar ina kai, tsakanin kai yara da ɗauko su. Na riƙa ɗaukar hoto ina tura wa ƙanena, ban ce ya nuna wa Baba ba, amma na san zai nuna.

Sassaƙa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Bayan an goge da samfefa sai mai. A shafa kaɗan, a murza da tafin hannu har itacen ya ɗauki ɗumi, a rataye ya sha ya bushe, a sake. A ƙa'idar Baba, ƙasa da sau bakwai ba a gama ba. A garinmu wuni ɗaya ya isa shafi ya bushe. A Jidda kuwa danshin teku ba ya barin komai ya bushe da wuri, ko rigar da ka shanya sai ta ja maka rai. Na shafa sau uku, saura huɗu, gasa kuma saura kwana tara, sai ƙanena ya kira ni da safe ina dawowa daga makarantar yara.

Ya ce, "Yaya, jikin Baba fa. Kwana huɗu ke nan ko kunu ba ya zama. Ƙafafun sun kumbura. Mun kai shi asibiti, likita ya ce mu koma gida da shi a ci gaba da addu'a."

Duk wanda ya taɓa jinya ya san ma'anar a koma gida. Na gangara gefen titi na tsaya.

Ya ce, "In da hali ka taho."

Rabona da gida a lokacin shekara uku.

A nan ne nake son in yi ƙarya, in ce kafilina ya hana ni tafiya. Da labarin ya fi sauƙin faɗa, kuma da kowa ya yarda, don a Hindawiyya akwai mutane da yawa da aka yi wa haka, na san su da fuskokinsu. Ni nawa bai hana ni ba. Ina gama faɗa masa ya ciro waya, ya danna abin da zai danna, kafin shayinsa ya huce an ba ni izinin fita da dawowa. Ya ce, "Yalla, ka tafi gobe. Uba ɗaya ne. Zancen bindiga halas, ya ƙare, zan mayar da tsohuwar ƙotar."

Zan mayar da tsohuwar ƙotar. Wannan ce ta soke ni. Na sauko gareji na tsaya ina kallon tawa tana rataye a igiya, zanen itacen ya fara fitowa, mai ya fara shiga. Tun da nake ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Na ciro waya na kira ƙanena na ce ya kai wa Baba.

Na ji ana gyara masa zama, na ji numfashinsa kafin muryarsa.

"Baba, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ana lafiya can?"

"Lafiya lau. Baba, gobe in Allah ya yarda zan taho."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Wa ya ce a tayar wa mutane da hankali? An ce mini akwai aiki a hannu."

"Akwai, amma saura shafa mai kawai."

"Sau nawa aka shafa?"

"Uku."

"Uku ba aiki ba ne. A gama wa mai kaya kayansa. A gidan nan ba a barin ƙarfe a wuta a tafi unguwa. Ni ina nan."

Haka yake mini magana tun ina yaro. Ni ne ɗan farinsa, kuma Baba mutumin da ne a wajen kunya. Bai taɓa kiran sunana ba. Ko "kai" ba ya ce mini, sai dai a zo, a ɗauko, an ci abinci? Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ko tabarma ɗaya ba mu zama. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga ana yi. Na san halin nan nasa kamar yunwar cikina. Duk da haka na ɗauki maganarsa yadda ta fito, na ninke ta na sa a aljihu.

Na koma sama na ce wa kafilina a sa mini jirgin Lahadi, washegarin gasa.

Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Kana da hankali kuwa?"

"Babana ne ya ce in gama aikin."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ku kuka san junanku."

Kwana taran nan a gareji na yi su. Na sauko da fankar ɗakina na saita ta a kan ƙotar, ni na zauna cikin gumi. In shafa, in murza, in rataye, in riƙa taɓawa da bayan yatsa ina jin ko ta daina danƙo. Kowace safiya ina kiran ƙanena. Da farko yana ba ni bayani, abin da Baba ya sha, yadda ya kwana. Daga baya amsarsa ta gajarce, ya koma cewa yana nan dai. Na ji canjin a muryarsa, na ƙi tambaya. Ban sake cewa a ba Baba waya ba. Na gaya wa kaina kada in wahalar da mara lafiya, alhali tsoro nake kada in ji abin da zai sa in bar garejin.

Ranar Alhamis na yi shafi na bakwai, da la'asar ta bushe. Kafilina ya sauko da ƙarfen ya riƙe, na ɗaura ƙotar, muka mayar da gilashin da tocilar da maratayin da duk tarkacensa. Na ce ya ɗora ta a kan yatsa biyu a tsakiya. Ta zauna cak, ba ta rinjayi gaba ba, ba ta rinjayi baya ba. Na ce ya rufe ido ya ɗaga ta kafaɗa sannan ya buɗe. Ya yi, jan ɗigon nan yana daidai ƙwayar idonsa. Ya sake, ya sake, har sau biyar. Ya ajiye ta ya kama kaina ya sumbata. Wallahi na ji daɗi. Ubana yana can kwance ba ya iya haɗiye kunu, ni kuma ina tsaye a garejin wani ina washe baki.

Juma'a da safe ina goge jallabiyar masallaci waya ta yi ƙara. Ƙanena ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Bayan asuba." Kafin a tayar da sallar Juma'a a Jidda an riga an kai Baba makwancinsa. Na je masallaci na dawo. Ban gangara Hindawiyya ba, don duk wanda ke cin tuwo a wurin ya san an ba ni izini tun makon jiya, kuma ba ni da fuskar da zan kalle su da ita.

Kafilina ya sauko ɗakina, karo na farko a shekara bakwai. Ya cire takalmi ya zauna a bakin katifata, ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa. Da zai tashi ya ce a hankali, "Ban ce ka tafi ba, ya mu'allim?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Na ji kamar in shaƙe shi, kuma ba don komai ba sai don gaskiya ya faɗa.

Asabar ya ce in zauna zai tuƙa kansa. Na ƙi. Me zan zauna in yi, in kalli bango? Na kai shi filin, ya shiga da jakar bindigar, ni na nufi rumfar direbobi, don iyakarmu ke nan, ba a barin mu mu wuce shinge. Daga nan ba a ganin komai sai bayan wani dogon gini da tutoci. Na zauna ina jin harbi yana tashi, ina kasa kunne ko zan gane tawa a ciki. Duk ƙararsu ɗaya. Wani direba ɗan Pakistan ya ga yanayina ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa, bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Bayan azahar kafilina ya fito. Bai zo na ɗaya ba, bai zo na ƙarshe ba, yana can tsakiya inda ba a tuna mutum. Amma fuskarsa fal murna. Ya ce bindigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka halicce ta, abokansa sun yi ta shafa ƙotar suna rantsuwa daga Italiya aka kawo ta. Ya ce, "Ban gaya musu kai ka yi ba, kada su sace mini kai." Sai ya tuna, ya daina dariya, muka taho gida.

Lahadi na sauka Kano, Litinin da hantsi na isa garinmu. An riga an yi sadakar uku. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, suka tashi suka karɓe ni, kowa yana cewa Allah bai nufa za ku gana ba. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ƙanena ya ba ni hannu yana kallon wani wuri. Ya raka ni maƙabarta ya nuna mini kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Da muka dawo na shiga wurin mahaifiyata, ta ce an zo lafiya, na ce lafiya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ma ɗan fari nake a wurinta.

Wadda ba ta jin kunyata ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba. Ita ta ɗauke ni daga yaye ta riƙe ni har na shekara bakwai. Na same ta a bayan ɗaki tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba. Tun kafin ta tambaye ni na fara kare kaina.

"Gwaggo, shi ya ce in tsaya in gama aiki."

Ta ajiye faifan. "Shi ya ce. To me kake so ya ce? Ya ce maka taho ina son ganinka? Shekara arba'in da ɗaya bai iya furta sunanka ba, ranar nan ce zai iya? Kai fa ba Balarabe ba ne, ɗan nan. A hannuna ka tashi."



Ta ce, "Kana ajiye waya ya sa aka share ɗakin ƙofar gida. Ya ce a wanke masa rigarsa ta Juma'a, wai gobe za a yi baƙo. Gari ya waye ya sa rigar, ya ce a fito da shi zaure. Mutumin da ba ya iya zama sai an tokare shi da filo. Mota in ta tsaya a bakin hanya sai ya ce a leƙa a gani."

Na ce, "Ba a gaya masa na ɗaga tafiyar ba?"

"Ƙanenka ya gaya masa tun a daren, ya ce sai Lahadi ta sama. Ya ce ya ji. Washegari ya sake cewa a fito da shi. Kwana uku yana zaman zauren nan. Ya ɗauka faɗa kawai ka yi don ka girmama maganarsa, kana hanya."

"Me ya sa ba wanda ya kira ni ya faɗa mini?"

"Ya hana. Ya ce kada a dami mai aiki. Kuma sai an faɗa maka?"

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Na daɗe a durƙushe, ƙafafuna suka yi tsami. Ya kamata in tashi a nan, amma ban tashi ba.

Na ce, "Gwaggo, ya ce wani abu a kaina?"

Ta ce, "Rana ta huɗu ya ce a mayar da shi ciki, sanyi yake ji. Muna cire masa rigar ya ce, 'Ashe an ji magana.' Daga nan bai ƙara tambayar mota ba."

Na sha ƙin jin maganar Baba. Ya ce kada in bar makarantar dare na bari, ya ce kada in tafi Jidda na tafi. Sai a wannan ɗaya na zama ɗa mai biyayya, kuma har ya rasu yana zaton biyayyar ce. Ni na san ba ita ba ce. Na gane abin da shirun nan nasa na waya yake nufi tun a lokacin, na zaɓi in tsaya a yaba mini. Ban gaya wa Gwaggo haka ba, ina jin ma ba ta buƙatar a gaya mata. Na tashi na fita wajen maza na zauna a kan tabarma, duk wanda ya zo ya ce yaya haƙuri, in ce da godiya.